Ɗinkin Leɓen Hambali

Laifi ne mutum ya gyara halittarsa saboda mace? Har yau ban sani ba.

Hambali, manomin rani a Kura, ya tabbata ƙarin da ke leɓensa ne ya sa Sa'adiya bazawara take ƙin aurensa. Ya jira aka girbe alkama, likita a Kano ya yanke ƙarin, ya ce, "Ban da magana sai an cire zare."

Bai warke ba, ya ji Datti dillalin tumatir na zawarcinta. Ya figi babur ɗinsa Besfa sai zauren gidan su Sa'adiya, ya zauna shiru kamar tulu.

Sa'adiya ta dube shi, ta tuntsire da dariya. "Malam Hambali, na amince. Da ma surutunka na ƙi, ba leɓenka ba. Roƙi likita ya bar zaren."