Hannun da ke Cikin Tallar

"Cire hannun nan," in ji mai shagon, yana nuna tallar da na sa a Facebook: hannuna da jan lalle, riƙe da batirin kwamfuta. "A sana'armu, cikin mutum ɗari da suka ga talla, ɗaya ke dannawa. Taki ko rabi ba ta kai ba. In ba ta motsa ba zuwa Juma'a, nemi wani shagon."

Ban cire ba. Da hannun nan na rubuta jarrabawar digiri, da shi nake gyaran kwamfuta. Kullum ina zaune a shagon, a unguwar Mabera, ina hango yatsun mutanen gari suna wuce tallata a wayoyinsu kamar balbelu a saman gulbin Rima, babu mai sauka.

Ranar Juma'a da hantsi mata suka cika ƙofar shagon, kowace da matacciyar kwamfuta cikin mayafi.

"Ke ta mai lallen?" in ji wata dattijuwa. "A gidan suna ɗiyata ta danna tallar, wayar ta zaga ɗaki. Hotunanmu na cikin kwamfutocin nan, ba mu kai ma namiji."

Facebook ya ƙirga su duka dannawa ɗaya. Na miƙa musu hannun.