Muryar Alhaji Tanimu Tana Hanya

Tun da aka kawo sabon jirgin nan, daga Guanzu ta ƙasar Sin zuwa Delhi ta Indiya bai fi mutum ya kurɓi shayi ba. Matsalar ɗaya ce: jiki ne ke isa nan take, murya kuwa sai ta ci awannin da tsohon jirgi ke ci kafin ta biyo mai ita.

Alhaji Tanimu, ɗan kasuwar da bai taɓa yin shiru da son ransa ba, ya shiga jirgin daga Guanzu da hantsi. An ce masa yayansa Isiyaku, da ke kwance a asibiti a Delhi, ba lallai ya kai yamma ba, ga shi tun rigimar gonar mahaifinsu ba su nemi gafarar juna ba.

Da isarsa, Tanimu ya tsaya bakin gado yana motsa baki kamar kifi.

"Ka biyo ta gajeriyar hanya ke nan," in ji Isiyaku da ƙyar. "Alhamdu lillahi. Yau dai zan kai ƙarshen magana ba ka katse ni ba."

Tanimu ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna agogo.

"Ba zan iya jiranta ba, ƙanena. Ni na yafe maka. In kai ma ka yafe, matsa min hannu."

Ya matsa, har sai da yayan ya ce ya isa haka.

Muryar ta iso bayan la'asar, ba ta makara ba ko kaɗan. Da ita ya kira gida ya sanar da rasuwar.