Telan da Ya Rage Muryar Tsohuwa

Tunda kai ma yanzu an damƙa maka abin jama'a a hannu, zauna in buga maka misali da wani tela.

A wata ƙaramar cocin ƙauye, wani ɗan garin da ke aiki a birni ya kawo gudummawar kayan sauti: lasifika biyu, makirfo huɗu, da wani akwati da ake kira miksa, inda kowace makirfo take da nata maɓallin, in an tura sama murya ta ƙaru, in an ja ƙasa ta ragu. Ya nuna yadda ake yi a gurguje ya koma. Dattawan ikilisiya suka duba suka ce tela ya saba da keken ɗinki, shi ya dace da ƙarfe. Shi kuwa mutum ne mai son aiki tsaf, irin wanda in ɗinki ya ɗan karkace sai ya farke shi duka. Da farko ya sha kunya. Ana tsakiyar addu'a lasifika ta tsala ihu, jarirai suka fashe da kuka, fasto ya buɗe ido ɗaya ya kalle shi. Wata Lahadin ya kunna kaya kafin janareto ya daidaita, aka yi sujada da ƙaurin waya. Amma sannu ba ta hana zuwa. Ya gane ba a juya bakin makirfo wajen lasifika, ya manna wa kowane maɓalli guntun ƙyalle don ya san na wane ne, kuma kullum yana ɗinki yana sauraron waƙoƙin manyan coci-cocin birni a wayarsa, yana cewa a ransa nan zai kai su.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, muryar Mama Liyatu. Tun kafin a haife shi ita ke ba da waƙa a ƙungiyar zumuntar matan cocin. Ta ja baiti, mata su amsa, jama'a su ɗauka. Waƙoƙin ba a littafi suke ba, a kanta suke, wasu ta gada daga iyayen da suka kafa cocin, wasu ita ta tsara. To amma tsufa ya ci muryar, ta dushe tana rawa, in ta ja sama sai lasifika ta yi gurnani. Ba ƙin tsohuwar yake yi ba, Allah ya sani. Kunnensa ne ya yi girman kai. Wata Lahadi ya sa yatsa ya ja maɓallinta ƙasa kaɗan. Ba wanda ya lura, sauti ya yi masa daɗi. Lahadin gaba ya ƙara ja, ya ɗaga na 'yan matan da ke amshi. Kafin damina ta yi nisa, kiɗan tulu da caki ya rufe ta ruf. Mutanen da ke bencin baya ba sa jin baitin, ba su san inda za su shigo ba, sai suka riƙa yin shiru. Ita kuwa tana tsaye a gaba tana iyakar ƙoƙarinta, jijiyar wuya a miƙe, tana kallon bakuna a rufe.

Ran nan bayan an tashi ta dogara sandarta ta zo wajensa. Ta ce, “Ɗana, abin nan nawa yana aiki kuwa?”

Ya kau da ido, ya ce, “Yana aiki, Mama.”

Ta ce, “To, muryar ce ta tafi. Wanda ya ba da ita ya karɓi abinsa.”

A nan ne ya kamata ya tura maɓallin sama ya roƙi gafara, amma kunya ta hana shi, ya ce a ransa sai mako mai zuwa. Makon ya zo, tsohuwa ba ta taɓa makirfo ba. Ta koma benci na ƙarshe, daga baya ta daina zuwa, wai ƙafa ce. Matan zumunta suka koma rera 'yan waƙoƙin da kowa ke ji a rediyo, sauti yana fita sumul, tela yana jin abin yana ci masa rai amma bai je gidanta ba. Ana gama girbi ta rasu.

Ranar jana'iza coci ta cika har waje. 'Ya'yanta suka roƙi abu guda, a raka ta da waƙar da ita kanta take raka mamatan garin da ita. Tela ya tura kowane maɓalli sama. Mace ta farko ta karɓi makirfo, ta ja layi ɗaya ta tsaya. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma haka. Makirfo ta zagaye zumunta kaf, sai ga shi amshi kawai suka iya, baitocin suna cikin akwatin gawar da ke gabansu. Abin da lasifika ta fitar a ranar, tar ba gurnani, shi ne shesshekar kukan mata. Aka ɗauki gawa aka fita da ita shiru, tela yana zaune gaban akwatinsa na maɓallai bai bi su ba, don shi kaɗai a cikin taron ya san ba tsufa ne ya rufe bakin nan ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.