Doguwar Hanyar Zuwa Coci

Ka ce kullum kana karanta wa yaranka Maganar Allah, amma kamar dusa kake shukawa. To, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani manomi, dattijon ikilisiya a ƙauyensu, mai tsoron Allah daidai gwargwado. 'Ya'yansa maza biyu ba sa taɓa fartanya sai an yi addu'ar safe. Yakan zaunar da su a tabarma, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya karanta, ya yi bayani, sa'an nan ya yi bayanin bayanin, har kunu ya huce. Darasin da ya fi so shi ne na gafara, kuma ya iya shi ƙwarai da gaske. Sai dai akwai wata ɗorawa a kan iyakar gonar gado, tsakaninsa da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Wata shekara matar ƙanen ta riga tasa matar kaɗe 'ya'yan itacen, aka yi 'yan maganganu irin waɗanda ba a rerawa a coci, daga nan gaisuwa ta ɗauke. Gidan ƙanen kuwa a bakin hanyar coci yake. Saboda haka duk Lahadi dattijo yakan sa farar rigarsa, ya rungumi Littafinsa, ya zaga ta bayan gari, ta gefen kududdufi da juji, yara na biye da shi suna tattare wando. In an tambaye shi, sai ya ce shi ba ya gaba da kowa, hanya ce kawai ya sake.

Yara suka tasa. Babban ya kama kiwon tantabaru. Wata rana ƙaramin ya manta akurkin a buɗe, muzuru ya yi Kirsimetinsa tun kafin lokaci. Da dambe suka yi, da abin ya zo da sauƙi. Babban dai ya daina kallon inda ƙanensa yake. Ya roƙi uwarsu ta riƙa zuba masa tuwo a kwano dabam, ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure, in zai fita ya tarar da ƙanen a bakin ƙofa sai ya tsallake danga. Da uban ya ga abin ya wuce wasan yara, ya kira shi ya jero masa ayoyi. Yaron ya durƙusa ya saurara da ladabi, har ya taya shi ƙarasa wadda ta kuɓuce masa. Da aka gama ya ce, "Baba, ni fa ba gaba nake yi da shi ba. Hanya ce kawai na sake."

Dattijo ya dube shi. Har yadda yaron ya karkata kai, nasa ne. Ya tuna cewa waɗannan biyun ne za su binne shi, su ne za su raba gonar nan, kuma itatuwan da ke cikinta sun fi ɗorawa ɗaya.

Da Lahadi ta zagayo bai ce wa kowa komai ba, ya dai miƙe hanyar cikin gari. Yara suka dubi juna, karo na farko tun bayan tantabaru, suka bi shi. Hanyar gajeriya ce, amma bai taɓa jin nauyin ƙafafunsa irin na ran nan ba. Ya tsaya a ƙofar ƙanensa ya yi sallama. Ƙanen ya fito da asawaki a baki, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaya, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Maganar ɗorawa ce. Bakina ya yi tsawo, ka yafe mini."

Ƙanen ya tauna asawakinsa, ya tofar, ya ce, "To, na ji," ya koma ciki. Ba a rungumi juna ba, mala'iku ma ba a ji duriyarsu ba. Dattijon ikilisiya guda ya tsaya a titi da farar riga, 'ya'yansa na kallo, maƙwabta na leƙe ta saman danga. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya wuce sujada. Lahadi ta gaba ya sake tsayawa, da wadda ta bi ta. A hankali amsar ta tashi daga "lafiya" ta kai "yaya iyali". A gida kuwa bai ƙara tayar da zancen tantabaru ba, addu'ar safe ma ta rage tsawo, abin da ba wanda ya yi kuka da shi.

Bayan kaka aka tashi ɗora wa rumbu sabuwar jinka, aikin da ba ya yiwuwa sai da hannu da yawa. Ba a aika wa ƙanen dattijo ba, sai ga shi da 'ya'yansa. Aka kewaye jinka aka ɗaga, sai ta rinjaya wajen ƙaramin ɗan dattijo. Babban ya saki wurinsa, ya zago da gudu ya sa kafaɗa kusa da tasa, yana cewa, "Matsa nan, raggo kawai, kafin ta danne ka." Zagi ne, ba shakka. Amma ubansu da ke riƙe da nasa gefen ya ji, ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Ka ci gaba da karanta wa naka yaran, ban ce ka daina ba, suna ji. Sai dai kunne na wurin bakinka, ido na wurin ƙafarka, kuma Hausawa sun riga sun raba wannan gardama: gani ya kori ji.