Kwana Uku Babu Ban Ruwa

Ranar Talata aka fara, rana na ƙuna tun hantsi. Aka yi shela kowa ya kashe inji da waya, domin kada su dami babban faifan tashar binciken sararin sama da ke bayan garinmu, wanda yake sauraron kumbon da ƙasashe suka haɗu suka tura bin wani dutse da ke tafe a sararin sama. A da, awa biyu ake yi. Wannan karon har Alhamis injin ban ruwana bai tashi ba.

Na je ƙofar tashar, na sami maigadi.

"Baba Ɗanjuma, tumatirina na mutuwa! Wai dutsen nan a garkata zai faɗo?"

Ya ce, "Rage murya, Sagiru. Su masanan tashar ma sun daina shayar da mangwaron da suka dasa."

Na koma na ƙirga abin da ya bushe: fangalin tumatir arba'in da biyu, na albasa tara.