Rajistar Baba

Yana cinye mataki na biyar wasan ya tsaya cak, wai sauran sai wanda ya yi rajista.

Tsohon maɗinkin hular ya ƙwala wa 'yarsa kira. Ita ta sa masa wasan jera ƙwallaye a kwamfutarta, tun da ciwo ya hana shi fita kasuwar Kurmi.

"Baba, ba kai ka ce wasan yara ne ba?"

"Ke dai biya musu!"

Ta biya ta waya tana dariya, ta juyo za ta rubuta masa sunansa. Sai ta tarar yana danna haruffan ɗaya bayan ɗaya, da hannun daman nan da ya shanye shekara guda.

"Kukan na mene ne?" ya ce. "Kina tare min haske."