Masu Dubiyar Aku

Tun da aka kafa dokar cewa yaro mai lalura ba zai shiga aji ba sai da na'urar rakiya, Rumasa'u, wadda aka haifa kurma, ba ta rabuwa da tata. 'Yar ƙaramar aba ce da ake ratayawa a wuya. Rumasa'u ta yi magana da hannu, na'urar ta faɗa da zazzaƙar murya, har da barkwanci. 'Yan ajin suka raɗa mata suna Aku.

Ranar da Aku ta lalace, mai gadi ya mayar da Rumasa'u daga bakin ƙofa. Ta yini a tsakar gida tana tsince wa uwarta, Ladidi, shinkafa.

Bayan la'asar sai ga sallama: 'yan matan ajinsu ne suka zo dubiya. Daɗi ya rufe Ladidi, don ba su taɓa tako gidan ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Rumasa'u ta ruga ɗaki ta sako sabon hijabinta.

Bayan gaisuwa, babbarsu ta ce, "Mama, ya jikin Aku? Wallahi yau ajin ba daɗi."

Ba wadda ta dubi Rumasa'u. Ladidi ta ce wa 'yarta da hannu, "Kewarki suka yi."

Ta manta yarinyar tana karanta leɓe. Rumasa'u ta miƙe, ta ɗauko Aku, ta ajiye musu a tsakiyar tabarma, ta koma kan shinkafarta.